Faibar da aka shafa wa kwalekwalena ko damina ɗaya ba ta kai ba

Wallahi jama'a raina a ɓace yake, tun shekaranjiya ko abincin kirki na kasa ci. Kwalekwalen nan da shi nake fito a kogin Haɗejia ta nan gefen Ringim, da shi nake ci da iyali, shekara da shekaru auduga da kwalta muke toshe masa kafa kamar yadda muka tarar iyayenmu suna yi. Sai wani mai gyara ya zo daga birni yace min Alhaji ka bar wahalar kwalta, in na lulluɓe maka shi da faiba (ƙyallen zaren gilashi da ake bi da ruwan gam) kai da yoyo har abada. Buhun shinkafa huɗu na sayar na biya shi.

Mutumin nan ko jira katakon ya bushe bai yi ba, yau muka jawo jirgi daga ruwa washegari ya hau aiki, bai kankare tsohuwar kwaltar ba, sanfefa ma sama sama ya goga, kuma da tsakar rana yayi shafen cikin zafin bazara. Nace Malam ba za a bari ya sha iska ba? yace in bar masa aikinsa.

Sai da abu ya lalace ƙanina da yake karatu a Dutse ya zo ya duba ya min bayani. Ashe ruwan gam ɗin kala biyu ne, akwai foliyesta mai warin nan mai hawa kai, shi ne mai arha kuma baya riƙe katako da kyau, akwai efoksi mai tsada wanda shi ne yake kama katako gam. Ya nuna min a waya masu ƙera allon hawan igiyar ruwa na katako mai rami a ciki a Amurka da Ostireliya, abin wasa fa, amma sai katako ya bushe ƙarau suke shimfiɗa saƙaƙƙen ƙyallen faiba mai nauyin oza 4 ko 6 su bi shi da efoksi, kuma suna jira rana tayi sanyi saboda katako in yana ɗaukar zafi iska yake fitarwa ta taso ƙarƙashin shafen tayi ƙuraje. Ni kuwa da nake ɗaukar rayukan mutane, mata da goyo da ƴan makaranta, foliyesta mai gyaran ya zuba min akan jiƙaƙƙen katako, yace min duk ɗaya ne.

Yanzu faibar ta ɗaga kamar ɓawon rogo, ka danna da yatsa kaji ruwa yana motsi a ciki, ruwan ya shiga ya rasa hanyar fita, katakon gindi har ya fara ruɓewa, gara ma lokacin kwalta da ina ganin inda yake yoyo in toshe. Mun ga abin da ya faru a dam ɗin Watari a Ɓagwai a 2021 da jirgi ya kife, yara nawa aka rasa a ruwa, ta yaya zan ɗora ɗan wani a wannan jirgin?

Ruwa ya fara ƙaruwa, in aka saki na dam ɗin Tiga da na Challawa mutanen tsallake sai ta jirgi, nawa kuma yana kife a gaɓa. Na kira mai gyaran yafi sau 20, da farko yace wai ni na daki dutse, dutsen ina a cikin yashin nan? Tun jiya kuma wayar a kashe take.