Karsana ba ta biya wa kowa kuɗin haya ba

Duk sa'ad da aka tayar da maganar tsadar haya, amsar jami'an gwamnati ba ta sauyawa: ai muna gina gidaje. Sai a nuna mana Karsana a Abuja, inda Shugaba Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Fabrairun 2024, a jero sauran rukunan gidaje na shirin gwamnatin tarayya na Renewed Hope, a tafa, a watse. Wannan amsa ta ishe ni.

Gidajen nan na sayarwa ne. Wa zai saya? Ma'aikacin da ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, kuma banki ya gamsu da takardunsa. Magidancin da ke zaune a ciki da falo a Mararaba ko Kurna, wanda dillali ya zo ya ce masa mai gida ya ƙara kuɗi, ko ya biya ko ya tashi, sam ba a sa shi a lissafi ba. Kanawa sun riga sun ga irin wannan a rukunan Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo, inda gidaje da dama suka shafe shekaru a kulle, masu haya kuwa na cunkushe a cikin gari.

Abin da ke karya ɗan haya shi ne biyan dunƙule. Albashi wata-wata yake zuwa, mafi ƙarancinsa naira 70,000, shi ma ba ko'ina ake biya ba. Mai shayi da ɗan adaidaita sahu kullum-kullum suke samu. Amma mai gida kuɗin shekara yake so, wani ma na shekara biyu, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya, ga wani wai shi kuɗin ajiya saboda ɓarnar da ba a yi ba tukuna. A nan ake sayar da keken ɗinkin uwargida, a nan ake cire yaro daga makaranta. An daki mutum an hana shi kuka.

Legas ta yi doka tun 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai wa Majalisar Dattawa ƙudirin biyan haya wata-wata ga mazauna Abuja, bai zama doka ba. Doka a takarda ba ta tsorata mai gida, domin ya san akwai wasu a layi suna jiran ɗakin.

Ghana ta fi mu fuskantar gaskiya. A farkon 2023 ta buɗe shirin da ke biyan mai gida kuɗin dunƙulen kai tsaye, ɗan haya ya riƙa mayarwa wata-wata. Rance ne, kuma kuɗin da aka zuba bai taka kara ya karya ba, amma ya taɓa wurin da ke ciwo.

Masu cewa irin wannan tallafi zai ƙare a aljihun masu gida su gaya mana aljihun wa kwangilar gine-gine take ƙarewa. Masu cewa a bar kasuwa ta yi halinta kuwa, galibi a gidan gwamnati suke kwana.

Jihohi su ware asusu, su bi ta ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu unguwanni da suka san wane ne wane, a biya mai gida bisa sharaɗin ba zai ƙara kuɗi ba har wa'adin ya cika. Kada dai a miƙa shi ga masu rabon tallafi irin na buhun shinkafa.