Akwatin Baba Soja da Kwalin Dattijon Biyetnam

Shekara ta bakwai ke nan ina aikin kula da tsofaffi a wani gida a jihar Ohayo ta ƙasar Amurka. Cikin waɗanda na daɗe ina yi wa hidima akwai wani dattijo da ba ya rabuwa da baƙar hularsa, mai rubutun Biyetnam a goshi da 'yan lambobi maƙale a gefe. An ɗauke shi soja yana ɗan shekara 19, a zamanin da ake ɗibar samari ala tilas, ya sauka birnin Da Nang na Biyetnam a 1968. Wata Lahadi jikarsa ta zo, ta jingina waya a jikin kofin shayi, ta ɗauko wani kwalin takalmi daga ƙasan gadonsa. A ciki akwai wasiƙun da ya riƙa aiko wa mahaifiyarsa, da hotuna da suka fara dafewa, da 'yar lambar ƙarfe da soja ke ratayawa a wuya. Ta ce masa ya fara daga ranar da ya bar gida.

Awa biyu yana magana. Ya faɗi zafin da ya mare shi da aka buɗe ƙofar jirgi, da warin man jirgi haɗe da na ruɓaɓɓen ciyayi. Ya faɗi yadda ƙafa ke saluɓewa idan ta kwana uku cikin jiƙaƙƙen but. Da ya zo kan abokinsa da ya taka nakiya, sai ya yi shiru har na ɗauka barci ya kwashe shi. Yarinyar ba ta ce uffan ba, ba ta kuma kashe wayar ba. Can ya nisa ya ci gaba. Ni ina gefe ina ninke tawul, amma hankalina ya riga ya tafi Zariya, zauren gidanmu, inda ƙanin kakana yake zama a kan buzu.

Baba Soja muke ce masa. Ya je yaƙin Hitila, aka kai su Burma, wadda shi yake ce wa Bama. Yana da akwatin ƙarfe da ba mai taɓawa, sai ranar da ya ga dama ya buɗe ya goge lambobinsa da toka da lemun tsami. Abin da na tsinta daga bakinsa bai wuce cikin tafin hannu ba: jirgin ruwa daga Ikko wanda suka yi makonni ba su ga tudu ba, da saukarsu Indiya, da ruwan sama wanda ba ya ɗaukewa, da matsattsaku masu shiga wando ana cire su da wutar taba, da kaya a ka cikin dajin da mota ba ta shiga, abinci kuwa sai jirgin sama ya sako da lema. In ya fara, sai mu yara mu fashe da dariya mu ce "Baba an tafi Bama!" Sai ya yi murmushi ya ja carbinsa. Ya rasu ina aji uku a sakandare. Ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya.

Sai da na girma na san cewa abin da yake faɗa tarihi ne da Turawa suka cika littattafai da shi. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma su ne suka yi artabu da Jafanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945, kuma Hausa ce harshen bariki a wurin da yawansu. Sunayen wuraren da na rundunonin ma suna nan tare da mu, muna wucewa ta gabansu kullum: barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, barikin Chindit a Zariya, Arakan da Myohaung a Legas. Tambayi ɗan acaɓan da ke kai ka ƙofar Dalet me sunan ke nufi, ka ji ko zai ce wani wuri ne a Burma da kakanninsa suka zubar da jini.

A nan kuwa, abin da jikar dattijon nan ta yi ba dabararta ba ce ita kaɗai. A shekarar 2000 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa doka cewa babban laburarenta da ke Washinton ya riƙa tattara labarin 'yan mazan jiya daga bakinsu. Kowa na iya ɗaukar hirar, ɗa ko jika ko ɗalibi, ya aika da ita haɗe da wasiƙu da hotuna. Yanzu abin da aka tara ya haura na mutum 100,000, kuma ba a tambayar muƙami. Kuku da direba da mai jinya, maganarsu na ajiye kusa da ta janar. Haka bangon nan na baƙin dutse da aka buɗe a Washinton a 1982, mai ɗauke da sunan sama da mutum 58,000 da suka mutu ko suka ɓace a Biyetnam. An jera su ne bisa ranar da kowa ya faɗi. Na je sau ɗaya, na ga wata tsohuwa ta ɗora farar takarda a kan suna tana gogawa da fensir har haruffan suka fito, ta ninke ta sa a jaka.

Kada a ɗauka ina cewa Amurka ta iya riƙon tsohon soja ta kowace fuska. Dattijon nan da kansa ya ce da ya dawo a 1969 sai ya cire kaki ya ɓoye, don gari ya juya wa yaƙin baya, shekara talatin bai gaya wa ko matarsa abin da ya gani ba. Dokar 1944 da ta ba sojan yaƙin duniya karatu da bashin gida ta ɗaga miliyoyi, amma baƙaƙen fata da yawa an toshe musu ƙofar, musamman a kudu. Kuma har gobe za ka ga tsohon soja a bakin danja riƙe da kwali yana bara, a ƙasar da ke da ma'aikata sukutum don 'yan mazan jiya. Kaɗaici na cin su. A wurin aikina akwai wanda sai ya yi wata uku ba wanda ya leƙo shi, ranar 11 ga Nuwamba kawai, wato ranar 'yan mazan jiya a Amurka, 'yan makaranta su zo da tuta su ce sun gode da hidimar da ya yi wa ƙasa, su tafi. Baba Soja bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba. Da ya kwanta ciwo, mu muka riƙa juya shi. Ta wannan gefen ba na musanya gidanmu da nasu.

Amma maganar da aka ɗauka aka ajiye tana da amfani har a kotu da majalisa. Sojan Biyetnam sun yi ta faɗin ruwan gubar da aka fesa wa dazuzzuka da ciwon da ya biyo su gida, ana musu, suna nanatawa, har aka yi dokar biyansu a 1991. Na Iraƙi da Afganistan suka zo da nasu kukan na hayaƙin ramukan ƙona shara a sansani, aka yi tasu dokar a 2022. Su Baba Soja kuwa an sallame su da kuɗin da bai kai na farar fata mai muƙami ɗaya da su ba, kowa ya koma garinsu, wani ya zama maigadi, wani masinja a ofishin En'e. Wa zai bi musu kadi, alhali ko sunayen waɗanda suka tafi daga gunduma ɗaya ba ma riƙe da su?

Na san akwai abin da ke hana mu. An tarbiyyantar da namiji a kan haɗiye abu, kuma yaro ba ya titsiye babba da tambaya. A da ma ana yi wa soja kallon ɗan bariki, wanda ya bar gona da allo ya bi Bature. To amma mu ne fa mutanen da maroƙi ke jero asalin sarki har kaka bakwai ba tare da takarda ba. Baiwar riƙe tarihi muna da ita, masu rawani kawai muka keɓe wa. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ana ajiye furanni a Abuja, a saki tattabaru, manya su yi jawabi, kofur ɗin da ya yi yaƙin yana tsaye a rana da tsohon kakinsa ba wanda ya miƙa masa abin magana.

Na Burma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Na yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, ƙaraminsu ya haura saba'in. Waɗanda suka je Laberiya a 1990 da Saliyo bayanta suna nan a unguwanninmu, wasu na gadi, wasu na kiwon kaji. Akwai ɗaya a layinmu, samanja mai ritaya, wanda ya yi shekara biyu a Monrobiya. Makon jiya na kira ƙanena na ce ya je bayan la'asar da goro, ya gaishe shi, ya nemi izini, ya ajiye waya a kan tabarma, kuma in Baba Samanja ya yi shiru kada ya kashe. Na kuma ce ya tambayi Inna inda akwatin Baba Soja yake. Ta ce tun da aka gyara zaure ba ta sake ganin sa ba, amma za ta sa a duba ɗakin shirgi.