Jatan Lande da Gishirin Uwargida

Na daɗe ina kiwon tarwaɗa a bayan gidana a Gombe, kuma tarwaɗa ba ta da tsirfa, ka zuba mata abinci ta ci ta yi ƙiba. Saboda haka da wani direban babbar mota ya kawo mini jatan lande masu rai daga Legas, sai na ware musu tanki guda, na shiga lissafin ribar da zan ci wajen masu otal.

Wata safiya na hango gawa a ƙasan tankin, na tsamo ta ina salati, ashe ɓawo ne fayau babu kowa a ciki, domin macen jatan lande sai ta tuɓe tsohon ɓawonta kafin a yi barbara. A lokacin jikinta yakan yi taushi, kuma 'yan'uwanta ba su san kara ba, wadda ta rasa maɓoya cinye ta suke yi.

Ba a jima ba sai ga dubban ƙwai ruwan lemo manne a ƙarƙashin cikinta, tana yi musu fifita da ƙananan ƙafafunta dare da rana. Kimanin mako 3 take ɗauke da su idan ɗumin ruwa ya kai digiri 28, ni kuwa hunturu ya riske ni, har ta kai na lulluɓe tankin da bargona, ni na kwana ina rawar ɗari. Da ƙwan suka rikiɗa suka koma ruwan toka, alamar sun kusa ƙyanƙyashewa, na tabbata arziki ya ƙwanƙwasa ƙofa.

A nan ne rashin mutuncin wannan halitta ya bayyana. Uwar tana rayuwa a ruwan kogi, amma tsutsotsin da take ƙyanƙyashewa ba sa wuce 'yan kwanaki sai a ruwa mai gishiri, wajen giram 12 a kowace lita, shi ya sa a can kudu take gangarawa inda kogi ya haɗu da teku. Mu kuwa babban ruwanmu madatsar Dadin Kowa ce, wadda ko ɗanɗanon gishiri babu a cikinta.

Ranar da ƙwan suka ƙyanƙyashe, bayan sallar isha'i na lallaɓa madafi na kwashe gishirin uwargida kaf, na juye a tankin. Sai dai gishirin miya ba ruwan teku ba ne, akwai sinadaran da babu a cikinsa, kafin a je ko'ina tsutsotsin suka mutu duka.

Washegari aka kawo mini tuwo da miyar kuka lami, na ci ban ce uffan ba. Da yamma kuma sai ga shinkafa da iyayen gaba ɗaya a kanta, sun soyu sun yi ja. Na tambayi uwargida wanda ya ba ta izinin taɓa jarina.

Ta ce, "Malam, gishirina na bi har inda ya shiga, tun da su suka sha, ko ƙwaya ban ƙara musu ba."