Ranar da Na Zama Ɗan Jarida a Kasuwar Dole

Shekarata 14 ina koyarwa a lakwal, kuma babu abin da na fi nanata wa yara kamar su karanta abin da aka rubuta kafin su ɗaga hannu. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Ƙanwar matata za a aurar. A danginsu uwargidana ce shugabar anko. Ba zaɓenta aka yi ba, babu dai wadda ta isa ta karɓe kujerar. Saura mako biyar biki Allah ya sauke ta lafiya, gwaggonta ta zo daga Mirriya zaman jego, ta kuma rantse mai jego ko zaure ba za ta leƙa ba sai an yi arba'in. Muna cikin hutu, ina kwance a tabarma ina fifita, sai na ji an ce, "Maigida, yau Alhamis ko?" Duk mutumin Damagaram ya san Alhamis ce babbar ranar Kasuwar Dole, ni kuma na san in aka tambaye ni rana da wannan muryar, aike ne ke tafe.

Aikin ba wuya, in ji ta. In shiga shagunan atamfa, in ɗauko hotunan masu ruwan ganye da ratsin zinariya, in turo mata ta WhatsApp, ita ta zaɓa daga kan gado. Ta ba ni dala ɗari na kabu-kabu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kuma saya mini mega da kuɗinta. Da ina da wayo, tun nan zan gane ranar ba ta alheri ba ce.

Shagon farko wani dattijo ne a rumfa. Da na ce zan ɗauki hoto, shi da kansa ya warware turmin, ya riƙe gefe ɗaya, ya gyara hula ya ce in tabbatar ya fito. Na biyu ma haka, har ruwan leda aka ba ni. Sai na ɗauka kasuwar duk gidan ubana ce. Na tura hoto goma sha, amsa ta dawo da murya: "Hoto ba ya nuna launi. Wannan ruwan ganye ne ko ruwan kunun kanwa? Yi bidiyo, ka riƙa tafiya a hankali."

Daga nan na hango wani babban kanti a bakin titi, mai ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Gaskiya sanyin na bi, ba atamfa ba. A jikin ƙofar akwai wata takarda da hoton kyamara, wani hijabi da aka rataya ya rufe rabinta. Na kalle ta da wutsiyar ido na ce a raina, wato suna sanar da ɓarayi akwai kyamara, madalla. Na yi sallama, babu wanda ya ji saboda cinkoso, na ɗaga wayata ƙirar Tecno na fara aiki.

Kuma na yi aiki, ba yabon kai ba. Na fara daga layin shadda, na gangara kan leshi, na zo atamfa, ina bayani da murya irin ta masu karanta labarai a rediyo: "Ga wata nan mai ganyen kuka, ga mai ƙwallon goro, wannan kuma sai matar gwamna." Na juya a hankali kamar yadda aka umarce ni, na zagaye kantin kaf. Sakan 48. Na danna turawa, na tsaya ina jiran yabo.

"Mushe?"

Na waiwaya, domin da wannan sunan yara ke kiran malami a lakwal. Saurayi ne dogo da tef ɗin awo a wuya. Na daɗe ina kallonsa kafin na gane shi: yaron da ya maimaita aji huɗu a hannuna saboda karatu ya ƙi shiga. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali, sannan ya kama hannuna kamar mai jan makaho ya kai ni bakin ƙofa. Ya ɗaga hijabin. Ashe kyamarar an gicciye ta da jan layi, a ƙasa kuma an rubuta da Faransanci, da manyan baƙaƙe, cewa an hana ɗaukar hoto da bidiyo. Bai bar ni haka ba. Ya ɗora yatsa a kan rubutun ya karanta mini gaɓa-gaɓa, daidai yadda nake sa su yi a allo. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na rasa ko in ji kunya ko in ba shi maki.

Aka kai ni gaban Alhaji mai kanti, yana zaune bayan tebur da carbi da kalkuleta. Ni kuma da yake malami ba ya faɗuwa ba gardama, sai na nuna kusurwar rufi na ce, "Alhaji, ga kyamararku can tana ɗaukata tun da na shigo, ban ce komai ba. Tawa ce haram?"

Ya yi murmushi, ya sa aka kawo mini kujera, abin da ya fi zagi ciwo. Ya ce, "Mushe, tawa a cikin ɗakina take, kayana take gadi, abin da ta gani a nan yake kwana. Taka fa? Duk garin nan a cikinta yake." Daga nan ya shiga karanta mini darasi, ni da nake ba da darasi. Ya ce yakan tashi ya bi ta Matamaye ya shiga Kano, ya wuni a Kantin Kwari yana tona kaya har ya samo zanen da babu irinsa a Damagaram. Wani zai shigo da waya ya ɗauka ya tura wa ɗan'uwansa a can, kafin mako ya zagayo zanen ya cika rumfuna, har da jabunsa a rabin kuɗi. Akwai masu saye da sayarwa a waya, ba su da ko ƙyalle, sai su ɗauki kayansa su ɗora a sitatu kamar nasu, su ƙara jaka biyu a kai, in an samu matsala kuma a ce kayan kantin wane ne. Akwai mai ɗaukar farashi ya kai wa maƙwabci. Akwai wanda ba atamfa yake ɗauka ba, ƙofar baya da inda ake ajiye kuɗi yake aunawa.

"Duk wannan da sauƙi," in ji shi. "Babban abin, matan mutane ke shigowa nan. Wata da ƙyar aka bar ta ta fito. Ta zo sayen zane, ta koma gida ta tarar da fuskarta tana yawo a TikTok da kiɗa a kai. Wa mijinta zai zo ya shaƙe? Ni."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da ya ce da na tambaya, da yaron ya shimfiɗa mini duk turmin da nake so a kan tebur, in ɗauki zanen kawai, ba fuska ba farashi. Har ma suna da hotunan kayan a wayar kanti, suna tura wa duk mai so. Wato wahalar da na sha ina juyi kamar fanka, kyauta ake ba da ita.

Ya ce in goge. Na goge a gabansa cikin isa da mutunci, har na nuna masa. Muka yi musabaha. Sai da na fito rana ta dake ni na tuna cewa na riga na tura. Na duba, alamun nan biyu sun yi shuɗi.

Na kira ta da sauri. "Kada ki tura wa kowa!"

"Wanne? Ai tuni na sa a gurup ɗin anko."

Mata 43 ne a gurup ɗin. WhatsApp yana ba mutum damar janye saƙo daga wayar kowa, na yi hakan, ita ma ta yi. Amma janyewar ba ta bin wanda aka riga aka tura gaba, kuma cikin mata 43 a ranar kasuwa, minti goma daidai yake da shekara.

Ban san abin da na ɗauko ba sai da na isa gida. Na tarar gwaggo ta ajiye tukunyar ruwan wanka tana kallon waya, baki buɗe. Aka miƙo mini. A sakan na 31, bayan mai ƙwallon goro, ga maƙwabcinmu Alhaji, wanda katangarmu ɗaya, tsaye da yayarsa gaban akwatuna saiti guda, ana jera atamfa da leshi a ciki. Ni a kantin ban gan shi ba, idona na kan zane. Waya kuwa ta gan shi, ta kuma ji shi. A ƙarƙashin muryata ta rediyo, ana jin tasa tar: "A bar su nan tukuna, kada a kai gida, Hajiya ba ta sani ba."

Hajiyar tasa ita ce ma'ajin gurup ɗin.

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba, da kunnena na ji ta saman katanga, har da ƙarar kwanon da ban san laifinsa ba. Na sulale na tafi fada wurin abokai ko zan sami mai lallashi. Kafin in zauna an fara: "Ga wakilinmu na Kasuwar Dole!" Mai dafa shayi ya ce a ba ni kofin farko, na manyan baƙi. Akwai wani a cikinmu da muke kira Lauya don ya yi shekara biyu yana karatun shari'a a jami'a kafin ya koma sayar da kayan waya. Ya gyara zama ya ce in sani Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, ana kai mutum kotu kan ɓata suna ta waya, akwai kuma hukuma sukutum a Yamai da aikinta kare bayanan mutane, hoton mutum da muryarsa kuwa suna ciki. Na ce ai ban yi masa ƙarya ba, shi ya faɗa da bakinsa. Ya ce wannan sai in bayyana wa alƙali. Daga nan ya tambaya ko a gidan kaso na fi son tuwo ko fura, don su tsara kawo mini. Shayin nan ban ji zaƙinsa ba.

Bayan sallar isha'i aka yi sallama a ƙofar gida. Na leƙa, Alhaji ne, hula a karkace. Na fito ina ta haɗa kalmomin ban haƙuri, har na tanadi ayar da zan jawo. Ya zauna a dakali ya yi shiru, can ya ce, "Mushe, ashe har aikin jarida kake taɓawa."

Na ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa.

Ya ce wata uku yana neman bakin da zai faɗa mata. Ya aika limami, limami ya je ya sha fura ya dawo bai faɗa ba. Ya nemi yayarsa, ta ce ita tana son ranta. "Kai kuma ka gama a sakan nawa ne ma?" Na ce 48. Ya jinjina kai kamar mai yaba gwaninta. Har na fara sakin jiki, sai ya ƙara da cewa Hajiya ta kalli bidiyon ya fi sau ashirin, ta ƙirga duk abin da aka sa a akwati, kuma kayan faɗar kishiya da ya yi niyyar yi mata turmi uku, yanzu ta ce ƙwaya-ƙwaya irin na amarya take so, har akwatunan. "Tunda kai ka kawo shaida, sai ka kama mini." Muka yi ta ja har muka tsaya a turmi ɗaya. Albashin malamin lakwal ne, ya san iyakarsa.

Na shiga ɗaki ina cewa alhamdulillahi, abin ya tsaya a nan. Na tarar da uwargida zaune, jariri a cinya, waya a hannu, ta tsayar da bidiyon. Ba a kan Alhaji ba. Ta ja hoton da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar: wani leshi ruwan hoda, da 'yar takardar farashi manne a jikinsa, 17.500.

"Maigida, wannan ba shi ne ka kawo mini da ƙaramar salla ba?"

Na ce kama ce, leshi ai da yawa.

"Wanda ka ce jaka 45 ka saya, har ka ce in yi haƙuri da kuɗin kitso wata biyu?"

Gwaggo daga tsakar gida ta ce a turo mata ita ma ta gani.

Ranar Asabar na koma kantin. Na tsaya a bakin ƙofa na kashe wayar gaba ɗaya, na sa ta a aljihun ciki. Na sayi turmin Hajiyar Alhaji, na sayi leshin cike gibi na jaka 27 da rabi, rabi a hannu rabi bashi zuwa ƙarshen wata. Anko kuwa, a wayar kanti aka tura hotuna, suka zaɓi mai ƙwallon goro, turmi 43 a wuri ɗaya, har Alhaji mai kanti yana cewa in riƙa leƙowa. Ɗalibina ne ya rubuta takardar bashin. Ya miƙo mini biro, na kai hannu zan sa, sai ya janye takardar kaɗan ya ce, "Mushe, a karanta tukuna."