Yana da shekara 97, bai ajiye aiki ba

Ƙaunatattu cikin Ubangiji, salama a gare ku.

Batirin wayar da ke hannunku yanzu yana da alaƙa da wani dattijo ɗan Amurka, John Goodenough, wanda ya rasu ranar 25 ga Yuni, 2023, saura wata guda ya cika shekara 101. Ina so mu dubi rayuwarsa, musamman waɗanda a cikinmu suka fara cewa "ai ni lokacina ya wuce."

An haife shi a 1922. Yana yaro karatu ya ba shi wahala ƙwarai, haruffa suna rikice masa, amma ya daure har ya karanta lissafi a jami'ar Yale. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ya sa kaki, aikinsa shi ne hasashen yanayi domin jiragen sojan Amurka. Bayan yaƙi ya shiga jami'ar Chicago neman ilimin fiziks, sai wani malami ya faɗa masa cewa ya makara, wai duk wanda ya yi abin a zo a gani a wannan fanni ya yi shi ne kafin ya kai shekarunsa. Ku lura, lokacin bai kai talatin ba!

Gemu ba ya hana ilimi. Ya kammala digirin dakta a 1952, ya yi shekara 24 a ɗakin bincike na Lincoln, na jami'ar MIT ta Amurka, yana aiki a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta. Babban abin da duniya ta san shi da shi kuwa sai a 1980 ya zo, a jami'ar Oxford ta Ingila, yana da shekara 57: shi da abokan aikinsa suka gano sinadarin da ya sa batirin litiyam, irin wanda ke cikin wayoyinmu, yake riƙe caji mai ƙarfi. Kamfanin Sony ya fitar da batirin kasuwa a 1991, aka yi ta samun dukiya da shi, shi kuwa bai sami wani kaso daga cinikin ba. Bai zauna yana ƙorafi ba. Da ritaya ta matso a Oxford, sai ya koma jami'ar Texas a 1986 ya ci gaba da bincike. A 2019 aka ba shi kyautar Nobel tare da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, yana da shekara 97, mafi tsufa da aka taɓa ba wa.

Mutumin nan Kirista ne da bai ɓoye bangaskiyarsa ba a tsakanin masana. Wannan ne ya fi taɓa zuciyata. Mai Zabura ya ce kwanakinmu shekara saba'in ne, ko tamanin in da ƙarfi. Wanda Allah ya ƙara masa a kan haka, amana aka ba shi, kuma za a tambaye shi abin da ya yi da ita. Zabura 92 ta ce masu adalci suna ba da 'ya'ya ko a cikin tsufa. Musa yana da shekara 80 aka aike shi wurin Fir'auna. Annabiya Hannatu, tsohuwa tukuf, ba ta rabuwa da Haikali, tana azumi da addu'a dare da rana, har ta ga Mai Ceto da idonta.

Baba, Mama, in ƙafa ta yi nauyi, baki bai yi ba. Akwai yaran makarantar Lahadi da ke bukatar mai koya musu, akwai marar lafiyar da ba wanda ya leƙa, akwai sababbin ma'auratan da ke neman mai ba su shawara. Ku kuma matasa, ku daina yi wa dattawanku irin maganar da malamin nan ya yi. Kuna ture su gefe a majami'a da sunan girmamawa, alhali suna da abin bayarwa, kuma zaman kaɗaici yana cin su. Ku ba su aiki, ku zauna ku saurare su.

Goodenough ya auri matarsa Irene a 1951. Da ciwon mantuwa ya kama ta a ƙarshen rayuwarta, bai juya mata baya ba, ya ci gaba da ziyartarta yana kula da ita har ta rasu a 2016, shi kuwa yana da shekara 93 a lokacin, yana zuwa ofis.

Ubangiji ya ba shi hutawa, ya kuma ƙarfafa dattawanmu da ke hidima har yanzu. Amin.