Shekarun Violet Brown ba na baka ba ne

Wani labari ya ce Violet Brown ta ƙauyen Duanvale a Jamaika, wadda a lokacin ta fi kowa tsufa a duniya, ta rasu tana da shekara 117, amma bai faɗi dalilin da ya sa aka yarda da shekarunta ba. An haife ta ranar 10 ga Maris 1900, ta rasu 15 ga Satumba 2017, kuma ta yi aikin gonar rake. Masu tantance shekaru sai sun ga takardar haihuwa ko makamanciyarta da aka rubuta tun mutum yana ƙarami, su gwada ta da ta aure da shekarun 'ya'ya. Ɗanta ya rasu a 2017 yana da 97, wato ta haife shi tana da shekara 20, lissafin ya zauna daram. Inda ake yawan kuskure shi ne idan yarinya ta rasu aka mayar wa ƙanwarta sunanta, sai takardar yayar ta ƙara wa ƙanwar shekaru.