Satar kundi a sashen Hausa, kamar yadda nake hango ta daga Legas

Tun da aiki ya kawo ni Legas nake lura da yadda ɗaliban nan ke fargabar kundin kammala digiri. 'Ya'yan maƙwabtana a Agege, masu karatu a jami'o'in da ke Akoka ko Ojo, kafin su miƙa aiki sai sun zura shi a manhajar Turnitin sun ga kashi nawa ya yi kama da na wani. Ba tsoron Allah suka fi mu 'yan Arewa ba. A nan ma akwai shagunan buga takardu da ke sayar da kundi sukutum. Abin da ya bambanta mu shi ne da Turanci suke rubutu, ita kuwa na'urar ta ƙoshi da Turanci.

A gida ɗalibin Hausa da Hausa yake rubuta kundinsa, kuma ina alfahari da hakan. Sai dai tsofaffin kundaye da yawa suna jibge a kan kanta a Kano da Zariya da Sakkwato, ba su hau intanet ba. Wanda ya kwashi babi guda daga ciki ya canza sunan gari, wace na'ura za ta kama shi? Haka ma wanda ya fassara maƙalar Turanci ya liƙa sunansa.

Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce hirar ƙarya. Yaro ya rubuta cewa ya zauna da dattijo ya ɗauko karin maganar garinsu, alhali ko tasha bai je ba. Na bayansa ya ɗauka ya ɗora a kai, da haka ƙarya ke shiga tarihin harshe ta yi kane-kane. Ga kuma Hausar Agege da Idi-Araba nan, ta jikokin fatake, ta cuɗanya da Yarbanci, tana jiran mai zuwa da rikoda.

Kada wani ya ce mini ambaton madogara al'adar Turawa ce. Malamin zaure yakan ce "haka na ji daga malamina". Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta don lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu.

Malamanmu na jami'a, Allah ya ƙara muku daraja, na san nauyin ya yi muku yawa. Amma a ɗauki hoton tsofaffin kundayen nan a sa su a rumbu ɗaya na intanet, sannan duk ɗalibin da ya ce ya yi hira ya kawo muryar a saurara kafin a sa masa hannu.